Daga Magarya zuwa Dungas: Cinikin Injin Ban Ruwa na Hannu

Ƴan'uwa manoma, in kaka ta ƙare, aka kai dammunan hatsi rumbu, aka saida riɗi da wake, sai hankalin mutanen kudancin Damagaram ya koma garka. Lokacin ne kuɗi ke ɗan zama a aljihu. Lokacin ne kuma samari da yawa ke cewa bana sun gaji da jan guga, inji za su saya. Sabon inji ba kowa ke iya kai hannu gare shi ba, shi ya sa mafi yawan masu farawa na hannu suke nema. A wannan wata mun bi hanyar Magarya da Dungas don mu kawo muku labarin ƙasar, da yadda ake gane inji mai lafiya, da yadda mutum zai san kuɗin da ya dace ya biya.

HANYA DA ƘASA

Daga birnin Damagaram zuwa Magarya kusan kilomita 90 ne, kudu sak. Mota tana bi ta Dogo, ta bi ta Bande. Kana tafiya duwatsun Damagaram suna ɓacewa a baya, rairayi yana ƙaruwa, gonaki ko'ina cike da gawo. Gawo icce ne mai abin mamaki. Da damana yake zubda ganye, da rani yake yin kore. Tun wajen shekarun 1980 manoman wannan yanki suka daina sare ƴan itatuwan da ke tsirowa cikin gonakinsu, suna gyara su suna barinsu. Yau mai tafiya da rani zai ga inuwa dama da hagu.

Tsakanin tuddan rairayi akwai kwaruruka. Nan ne arzikin rani yake. Korama da rassanta sun ratsa ƙasar, kuma a wurare da yawa in ka haƙa gaba biyu ko uku sai ka tarad da ruwa. Daga kan tudu kana hangen goruba da giginya da dabino da mangwaro, ka san akwai garake a ƙasa. Rake ne sarkin kwarin. Bayansa ga rogo, ga dankali, ga tumatir, albasa, shu, salati, tattasai da kabewa.

Magarya tsohon gari ne mai dangantaka da gidan sarautar Daura. Dungas da Waca kuwa ƙasar Sosebaki ce, su da Mirya. Daga baya duk suka shiga ƙarƙashin sarakunan Damagaram. Da Turawa suka zo, Faransa da Ingila suka ja iyaka, aka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Iyakar ta raba hukuma, amma kasuwa da aure da zumunta suna nan yadda suke.

Dattawa ba su manta zamanin gyaɗa ba. A shekarun 1960 Magarya tana cikin manyan wuraren awon gyaɗa na Nijar. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye, har masana'antar matsar mai aka gina a garin. Farin 1973 ya zo, ciwon gyaɗa na 1975 ya biyo baya, sai noman ya durƙushe. Bayan farin 1984 shugaban ƙasa na lokacin, Saini Kunce, ya yi kira a kama noman rani gadan-gadan. Garka daɗaɗɗiyar sana'a ce a Korama, amma daga wannan shekara ta ƙara daraja. Da jigo da guga da ƙwarya aka fara. Sannu a hankali inji ya shigo.

INDA INJUNA KE FITOWA

Kudu da Magarya akwai Tinkim. In ka ƙetare iyaka sai Babban Mutum, sai Babura, sai Kano. Mafi yawan injuna da kayan gyaransu ta kudu suke zuwa. A Najeriya, tun daga 1993, shirin Fadama ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da ƙananan injuna ga manoman rani. Abin da ya yi yawa can kuwa ba ya rasa ƙetarowa nan.

A Magarya, kamar sauran manyan garuruwan yankin, wajen masu gyaran babura ake fara tambaya. Nan za ka ga injuna jere gaban rumfa, wasu sun zo gyara, wasu suna jiran mai saye. Iri biyu suka fi yawa, mai bakin inci 2 da mai bakin inci 3. Kamfanin Honda ya rubuta cewa nasa mai inci 2 yana ba da kusan lita 600 a minti ɗaya, mai inci 3 kuma fiye da lita 1,000. Wannan lissafin sabon inji ne, ruwa kusa, tiyo gajere. A garka ba ya kaiwa haka.

Akwai na Honda na asali, akwai kuma na Sin masu kama da shi kamar an tsaga kara. Na Sin ba abin rainawa ba ne. Yana da sauƙin kuɗi, kayan gyaransa ko'ina akwai. Abin da ba a so shi ne ka biya kuɗin na asali a ba ka kwaikwayo. Jan fenti da takardar da aka manna ba shaida ba ne, kowa yana iya manna takarda. Ka sa bakanike ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, ya duba kaurin ƙarfe da nauyi. Wanda ya saba kwance su ba ya ɓata.

RABI BIYU NE

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Injin ban ruwa rabi biyu ne. Rabi ɗaya shi ne mai cin mai, inda buji da kafireta da fistan suke. Ɗaya rabin shi ne famfo, tukunyar ƙarfe mai farfela a ciki. Farfelar tana juyawa da sauri, ta tsotso ruwa ta tsakiya, ta watsa shi waje. Tsakanin rabin biyu akwai wani ɗan zobe mai hana ruwa bin sandar da ke juya farfela.

Masu sayen fari kunnensu yana kan rabin farko. Da an ja igiya inji ya yi ƙara, sai su ce lafiya lau. Alhali a ƙasarmu ta rairayi rabi na biyu ya fi shan wahala. Duk ruwan da aka jawo daga rijiyar garka yana tafe da yashi, yashin kuwa yana cin farfela kamar yadda dutsen niƙa ke cin kansa. In ta cinye, inji zai yi ta kuka yana shan mai, ruwa kuwa ya fito kamar na buta.

Wannan dabara ta farfela har jirgin ruwa take turawa. A 1954 wani mutumin ƙasar Niyu Zilan mai suna Bill Hamilton ya ƙera jirgi don kogunansu marasa zurfi. Famfo ya sa a cikinsa, yana tsotsar ruwa ta ƙasa yana feso shi ta baya, jirgi ya yi gaba. Masu sayen irin wannan jirgi na hannu farfela suke fara leƙawa, su ga ko tsakuwa da yashi sun ci ta, kuma ba su biya sai sun ɗora shi bisa ruwa sun gani. Mai garka a Korama shi ma haka ya kamata ya yi. Ba a cinikin biri a sama.

A BAKIN RIJIYA

Daga Magarya mun nufi gabas, wajen Dungas. Dungas a da tana cikin Magarya, a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Arewa da ita ga Waca. Hanyoyin ƙauyuka rairayi ne, amalanken shanu ta fi mota sanin kansu. Cikin kwarurukan wannan gefe, tun da asuba za ka ji kukan injuna daga nesa, wannan ya ɗauka wancan ya amsa. In kana son ka koyi sayen inji, nan ne makaranta. Ga abin da gogaggun masu garka ke dubawa.

Na farko, ka je da sassafe, ka taɓa inji ka ji shi da sanyi. Inji mai ciwo in an ɗumama shi kafin ka zo yana tashi da ja ɗaya. Mai lafiya yana tashi da sanyi cikin ja biyu ko uku.

Na biyu, kafin a tada shi, ka ja igiya a hankali. Ya kamata ka ji ta ɗan riƙe hannunka a wani wuri. In tana zuwa salab babu tauri, fistan da zobbansa sun gaji.

Na uku, ka buɗe wurin baƙin mai. Irin waɗannan injuna ɗan mai kaɗan suke ɗauka, bai kai lita ɗaya ba, kuma kamfani ya ce a canza shi duk bayan awa 100 na aiki. In ka tarar mai ya yi kauri kamar kwalta, mai shi ba ya canzawa. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. In kuwa ka ga sabon mai fes cikin tsohon inji, ka ƙara buɗe ido.

Na huɗu, ka dubi hayaƙi bayan ya tashi. Shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai, gyaran nan babba ne. Baƙin hayaƙi sau da yawa kafireta ce ko matatar iska, gyaran bai kai na farko ba.

Na biyar, ka cika tukunyar famfo da ruwa, ka leƙa ƙarƙashi tsakanin famfo da inji. In yana ɗiga, zoben nan ya mutu. Abin da ke kashe shi kuwa shi ne tada inji babu ruwa a tukunya. Ka dubi tukunyar kanta ko an yi mata walda ko an liƙe tsaga.

Na shida shi ne babba. A kai inji rijiya, a sa tiyo, a kawo duro mai lita 200. Ka riƙe agogo ka ga daƙiƙa nawa zai yi ya cika. Sa'an nan ka roƙi maƙwabci mai sabon inji irinsa a gwada nasa a rijiyar nan, da tiyon nan. Dalilin gwadawa a rijiya ɗaya shi ne wata rijiyar ce ba ta da ruwa, a ɗora wa inji laifi. In sabon ya cika duro cikin daƙiƙa 20, na hannun ya yi 40, ka san rabin ƙarfinsa ya tafi. Kada a kashe shi nan da nan. A bar shi ya yi rabin awa yana aiki, don wani ciwon sai jiki ya yi zafi yake fitowa.

Akwai wani abu kuma da ba laifin inji ba ne. Duk kyaun injin irin wannan, ba ya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Haka Allah ya yi iska da ruwa, ba kuɗi ke gyara shi ba. Ruwan kwari kuwa yana sauka. Inda ka same shi a Nuwamba ba nan za ka same shi a Afrilu da Mayu ba. Ka tambayi dattawan kwarin iyakar inda ruwa ke sauka da bazara. Wasu suna haƙa rami gefen rijiya su saukar da inji ciki don ya kusanci ruwa. In rijiyarka ta fi ƙarfin wannan dabara, to ko kyauta aka ba ka injin bai yi maka rana ba.

LISSAFIN KUƊI

Kudu da Dungas, bayan iyaka, ga Maigatari, mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Mutanen wannan yanki da yawa can suke kai rago ko ɗan maraƙi, kuɗin su dawo su zama inji. Wato abin da ake sa wa cikin cinikin nan ba ƙaramin abu ba ne. Dabbar da aka yi shekara ana kiwo ce, wani lokaci ma ta uwargida ce aka ranta.

To, yaya ake sanin kuɗin gaskiya? Ba mu rubuta farashi ba, don yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa. Hanya za mu ba ku, kowa ya sa lambobinsa.

Ka fara da kuɗin sabo, na ranar nan, na irin injin nan. Ka tambayi shago biyu ko uku. Kuɗin da mai shi ya ce ya saya shekarun baya ba ruwanka da shi. Misali, a ce sabo jika 100 ne.

Sa'an nan ka tambayi masu irinsa a kwarinku rani nawa yake yi musu kafin ya nemi babban gyara. A ce sun ce rani 4, wannan kuwa ya yi 2. Rabin ransa ya tafi, saura jika 50. Amma rani ba ɗaya ba ne. Injin da mutum ɗaya ke shayar da ƴar garkarsa da shi daban yake da injin haya, wanda ke yawo garka garka daga safe har dare. Ka bincika.

Daga nan ka cire kuɗin gyaran da ka gani da idonka. Bakanike ya faɗa maka kuɗin farfela da zobe da ladan aikinsa. A ce jika 10. Saura 40. In akwai tiyon tsotso mai kyau da rariyarsa da tiyon kai ruwa, a ƙara kuɗinsu, don su ma kuɗi ne masu kauri. In babu, ka tuna kai za ka saya.

Shawararmu ita ce, in kuɗin na hannu da gyaransa suka kusa kashi biyu cikin uku na sabo, ka haƙura. Ka ƙara ɗan lokaci ka cika, ko ku haɗa kai da ɗan'uwa ku sayi sabo. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Saura lissafin da mutane suka fi mantawa, na mai. Irin wannan inji yana shan lita ɗaya ko fiye a awa. A ce garkarka tana son awa 2 na ban ruwa, kwana ɗaya bayan ɗaya, wata 4. Ban ruwa 60 ke nan, awa 120, mai lita 120 ko fiye. In farfela ta cinye har ruwa ya ragu da rabi, awa 240 za ka yi, mai ya ninka. Jika 10 da ka yi murnar an rage maka ranar ciniki, mai sayar da mai a kwalba zai karɓe su kafin tumatir ya nuna.

Maganar mai ta ƙara nauyi tun watan Mayu na 2023, da Najeriya ta janye tallafin man fetur. Kafin nan man da ke ƙetarowa daga kudu araha ne, shi ke tada injunan kwarin nan, duk da matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. Da mai ya yi tsada, wasu suka maida injunansu masu aiki da tukunyar gas, masu hali kuma suka koma famfon hasken rana. Saboda haka ba kowane mai saidawa ke gudun ciwo ba, wani ci gaba ya yi. Ka tambaye shi dalilin saidawa, ka kuma tambayi maƙwabcin garkarsa. In amsa biyun suka zo ɗaya, alama ce mai kyau.

RANAR CINIKI

A kasuwannin bakin iyaka kuɗi biyu ke yawo, sefa da naira. Mu a nan da dala da jika muke ƙirga, dala tamma 5, jika tamma 1,000. Mutumin kudu in ya ce dubu, naira yake nufi. Kafin ka taya, ku daidaita da wane kuɗi ake magana, da canjin wace rana. Waɗanda suka ga karyewar sefa a Janairun 1994, da faɗuwar naira a 2023 da 2024, sun san bashin da aka ƙulla da wani kuɗi aka zo biya da wani yana raba zumunta.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da bakanike wanda ba abokin mai saidawa ba, ka biya shi ladan yininsa. Ka tafi da babba guda wanda ya daɗe da inji. Dillali yana da amfaninsa, shi ya san inda kaya suke, amma la'adarsa tana fitowa ne in ciniki ya faɗa, ko inji na da lafiya ko babu.

Ciniki kuwa da ladabi ake yinsa. Yaro zai gaida mai kaya, ya ce, Baba, nawa ka sa masa? In ya taya aka ce albarka, ba faɗa ba ne. Sai ya nuna abin da ya gani, ga ɗigon ruwa, ga lokacin da duro ya ɗauka, ga kuɗin farfela. Mai lissafi a hannu ba ya ɗaga murya. In an kai inda ka tsaida wa kanka ba a sallama ba, ka yi godiya ka tashi. Injuna ba su ƙare a duniya ba.

In an sallama, a yi shi gaban shaidu. Inji abu ne da mutum ɗaya ke ɗauka a ka, ana kuma sace shi cikin garake da dare. Wanda ya kawo maka inji da magariba, da araha mai ban tsoro, yana sauri, ka bar masa kayansa. A rubuta takarda, da sunan mai saidawa, da na mai saye, da lambar inji, da kuɗin da aka biya, da sunayen shaidu. In da hali mai gari ya sani. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar da biro zai yi muku aiki. Mai saidawa kuma ya faɗi aibin kayansa tun da wuri. Gobe a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya za ku haɗu.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Na hannu ba ya zama sabo, saboda haka kada ka zuba duk abin da ke aljihunka cikin ciniki. Ka bar na mai, na baƙin mai, na iri da taki, da ɗan abin gyara. Rake da albasa ba su san inji ya lalace ba. Kwana kaɗan babu ruwa cikin zafin bazara, wahalar wata uku ta tafi. Kada kuma ka yar da guga da igiya, ka rataye su inda hannu zai kai.

Jama'ar Magarya da Dungas, da Bande, Waca, Guci, Sassumburum da sauran ƙauyukan Korama, wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah shi ba mu rani mai albarka, shi kai mu damana lafiya.